Ɗakin Madara

A arewacin Ingila, inda tumaki suka fi mutane yawa,
tsohuwa Edwina tana da ɗakin dutse
da rana ba ta taɓa leƙawa ba.
Can madararta take kwana.

Jikanta Rori ya zo hutu daga birni.
Ya ga tsohuwar wuƙar yanka cuku, ya ce, "Kul."
Ya ga kare mai ido ɗaya, ya ce, "Kul."
Ba kul ɗinmu ba,
na uwa ga yaron da ya miƙa hannu ga garwashi.
Nasu yabo ne, yabon da ke ƙyuyar ɗaga murya.

Ta kama hannunsa, ta ɗora a kan falalen dutsen.
"Ga shi nan. Wannan ne kul.
Ba ƙanƙarar da ke fasa famfo a Janairu ba,
ba kuma ɗumin murhu ba.
Tsakaninsu, inda madara ba ta tsinkewa.

"Kalmar nan ta girmi cocin ƙauyenmu.
A bakin masu jiragen ruwa ta tsallako teku,
lokacin ana jan ta, kool,
kamar an hura bakin kwalba.
Danginta suna ƙetare, a Holan da Jamus,
har yau kama ba ta ɓace ba.
Tsatsonsu ɗaya da sunan tsananin sanyi,
sai dai ita ce 'yar da ta fito da haƙuri.

"Daga madara ta hau kan mutum.
Ranar da rumbun ciyawa ya kama da wuta
kakanka Alban sai da ya ɗaure takalminsa tukuna,
sannan ya fito da shanu goma sha ɗaya,
ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu.
Duk ƙauyen aka ce kansa kul ne.

"Ni kuwa shekara arba'in
ina jira ya ce ya yi kewata.
Wancan ma sunansa ke nan."

Waya tana ruri a aljihun Rori, bai taɓa ba.
Dutsen yana shan zafin tafinsa a hankali.
Ta zuba masa kofi guda.
Ya sha, haƙoransa ba su koka ba.
Ya buɗe baki zai faɗi kalmar,
sai ya ji ta yi masa nauyi a harshe.

"Ja ƙofar nan," in ji ta.
"Kana shigo mini da rana."