Wasiƙa zuwa Gida Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Ni ce sakatariya, ni na buga wasiƙar.
Daren Talata, a teburin kicin,
shayi ya huce a gefen hannuna,
na rubuta: "Zuwa ga Orval Dombrowski,
ƙungiyar masu gidaje tana sanar da kai
an ga ƙarfe a kan rufinka."

Ƙarfe. Haka littafin ƙa'ida ya kira shi,
shafi na tara, tsakanin launin fenti da tsayin ciyawa.
Ni kuwa ƙashin kifi na gani,
an tsotse, an wurga sama,
ya maƙale a bututun hayaƙi yana fuskantar Toledo.

Ranar Asabar ya hau.
Shekara saba'in da huɗu, gwiwa ɗaya ta asibiti ce,
tsanin ma na aro.
Jikarsa Imogen ta riƙe masa ƙafar tsani,
tana leƙa taga, tana ihu:
"Hagu! A'a, koma! Tsaya nan, ya fito!"
Labule ya motsa a gidaje huɗu.
Ɗaya nawa ne.

A taro Lorna Vandermeer ta ajiye tabarau.
"Yau eriya, gobe igiyar shanya,
jibi wani ya kawo mana kaji.
Darajar gidajenmu fa?"
Wani daga baya ya ce anya doka ba ta bayan tsohon?
Ta ce a fara da wasiƙa tukuna,
tsoro ya fi lauya araha.

Orval ya miƙe a hankali yana murza hula,
kamar direban bas da ya saba jiran kowa ya zauna.
"Dala ɗari da arba'in da biyu duk wata.
Tasha ɗari uku. Na ƙirga, uku nake kallo:
labarun ƙarfe shida, mai faɗin ko za a yi ruwa,
sai ƙwallo ran Lahadi.
Suna yawo a iska kyauta, suna bi ta kan gidana,
hannu kawai na ɗaga na tare.
Fansho ba ya tsawo, maganin hawan jini ba ya jira."

Ban sa wannan a bayanin taro ba.
Na rubuta: "Mai gidan ya yi magana."

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
a ƙarƙashin kwalbar sukari akwai takardar kebul tawa,
ta wata biyu, da jan layi.
Tun da aka rage mini awanni a ofishin likitan haƙori
nake zama gaban baƙin gilashi da dare,
in kunna fitila mai shuɗin haske kusa da taga
don masu wucewa su zaci kallo nake.
A unguwar nan rufi biyu muke gyarawa,
na sama, da rufin asiri,
kuma na biyun ya fi cin kuɗi.

Tara: dala ashirin da biyar kowace rana.
Na buga, na share, na sake bugawa.
Na ninke takardar gida uku.

Da kaina na kai, dusar ƙanƙara tana cin takalmina.
Ya buɗe ƙofa da cokali a hannu.
Bayansa mai faɗin yanayi na nuna taswira,
hoton tas, har ana ganin zaren rigarsa.
Ya karanta a tsaye, bai ce komai ba,
ya sa ta a aljihu kamar rasit.

Na juya zan tafi, ƙafa ta ƙi.
Na ce, "Irin wannan, nawa ake sayarwa?"
Ya dube ni, ya dubi tagata can tsallaken titi.
"Talatin da biyar. Akwai mai shiga cikin silin,
ba mai gani daga waje."
Ya ɗan yi shiru.
"Sai dai in ana ruwa, hoton yakan yi rawa.
Ki nemo tsani. Asabar ba ni da aiki."