Darasin Faɗuwa

Ina ɗan sha biyu na karya haƙorin Noboru
kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba.
Kakata Fusae ba ta ɗaga murya ba.
Ta wanke ƙarnin kifi daga hannunta,
ta ja kunnena ta bakin tashar jirage,
inda hazon tekun Kushiro ke haɗiye fitilu tun la'asar,
har ɗakin judo da ke saman rumbun ƙanƙara.
Ta ce wa tsoho Okabe: "Ga wuta na kawo maka.
Ko ka yi girki da ita, ko ta cinye mana gida."

Na zo ne in koyi kayar da mutum.
Wata uku cur, abin da aka ba ni:
tsumma, bokiti,
da faɗuwa.
Faɗi ta baya. Tashi. Faɗi ta dama. Tashi.
Haɓa a ƙirji, tafi ya mari tabarma
kafin ƙeya ta gaisa da ƙasa.
Na ce, "Malam, yaushe za a fara?"
Ya ce, "An daɗe da farawa. Kai ne ba ka iso ba."

Ranar karawa aka turo mini Chizuru,
yarinyar da ko kafaɗata ba ta kai ba.
Na auka mata kamar rago ya tsinke igiya.
Rufin ɗaki kawai na gani,
da gizo-gizo na saƙa a jikin katako.
Ƙarfina ta ara, ta biya ni har da riba.
Ta sunkuya ta gaishe ni. Na so ƙasa ta tsage.
Okabe ya ce, "Sunkuya mata.
Ta ba ka abin da ni na kasa ba ka."

Sanyin Janairu, biyar na asuba,
tagogi a buɗe, ƙafa ba safa,
tabarma na yanka kamar aska.
Na yi kuka sau biyu. Na gudu sau ɗaya,
kwana uku a gida ina ƙaryar ciwon ciki.
Ba wanda ya zo biko.
Shirun nan ne ya mayar da ni.

A gasar Sapporo na sha kaye cikin daƙiƙa tara.
A jirgin ƙasa ina jiran faɗa,
tsohon ya ɓare lemo, ya miƙo mini rabi:
"Ka faɗi da kyau. Na ji ƙarar tafinka daga inda nake."

Shekarar da bashi ya ci jirgin babana,
wani mashayi ya tare ni a bakin teku,
ya zagi gidanmu, ya kawo mini mari.
Tsohuwar wutar ta taso har maƙogwaro.
Jikina ya riga ni: riƙo, juyi, ƙugu,
sai ga mutum a iska.
Nan, tsakanin sama da siminti,
na tuna shi ba wanda ya koya masa faɗuwa.
Na ƙanƙame shi, na tallabe ƙeyarsa,
na ajiye shi kamar kwandon ƙwai.
Na tsinto masa hularsa.
Hannuna na rawa har gida.

Okabe ya rasu bara, daren ƙanƙarar farko.
Baƙar ɗamarata ta koɗe, tana neman komawa fara.
Haƙorin Noboru na roba ne har yau.
In mun haɗu a kasuwar kifi
yakan ƙwanƙwasa shi da farce, mu yi dariya,
ni dai tawa ba ta kaiwa ciki.

Jiya wata uwa ta hauro matakala
da yaro mai kumburarren leɓe, ido jawur.
Ya dube ni sama da ƙasa:
"Yaushe zan fara jefa mutane?"
Na miƙa masa tsumma.
Bokitin na nan inda yake, bayan ƙofa.