Wuta Mai Sallama

Bara ni na ƙona ta ɗakin shan magani na Harbo.
Ba abin ɓoyewa ba ne, har mai gadi ya ji ƙaurin.
Farar na'ura ce, faɗinta kamar faifai,
ɗaure a wuyan tankin ruwa,
ta juya fuska wajen Jahun tana jiran sabis.
Na ga rami, na ga kan waya, na ga sun dace,
na cusa.
Fitilarta ta ƙifta sau ɗaya kamar mai son yin magana,
shi ke nan.

Oga Talle bai zage ni ba, da zagin ya fi sauƙi.
Ya sauko da ita, ya kifa ta a cinya,
ya sa farce ƙarƙashin wani rubutu
ƙanana kamar ƙwan tururuwa:
ashirin da huɗu.
Ya juya ɗan akwatin da na jona:
arba'in da takwas.
Ya ce, "Ilu, don hula ta shiga kanka
ba shi ne ta zama taka ba."

Ya feɗe guntun kebul da reza.
Silli takwas, biyu-biyu a murɗe kamar igiyar rama.
"Ta nan zance ke hawa, ta nan abinci ke hawa,
jaki ɗaya, ga buhu ga saƙon gaisuwa.
Shi ya sa ba mu kai soket saman tanki ba.
Amma wutar iri biyu ce.
Akwai mai sallama:
ta tsaya a zaure ta ce, da mai ci a gidan nan? Nawa yake ci?
In ta ji shiru, ta koma da kwanonta.
Akwai wadda ba ta san ƙofa ba,
ruwan da ya fasa kunya, duk shukar da ya tarar tasa ce.
Ita ka buɗe wa."

Sati shida Uwale tana hawa acaɓa
da littafin rigakafi a cikin leda,
ta kai Jahun abin da yatsa ɗaya ke aikawa.
In mun haɗu a bakin rijiya sai ta gaishe ni.
Gaisuwar ce ke hana ni barci.

Yau sabuwa ta zo, Talle yana Dutse, ni kaɗai ne.
Ban taɓa tsani ba tukuna.
Na zauna a inuwar darbejiya na karanta bayanta,
na karanta bayan akwati,
na sake karantawa da ƙarfi, awaki suna jina.
Lamba ta yi daidai da lamba.
Abin da take ci bai fi abin da ake ɗebo mata ba.
Na auna tsawon waya da taku daga ɗakin batir,
saba'in da ɗaya, har da hawan tanki, ba ta kai mita ɗari ba.
Na sa awo a bakinta, allura ta tsaya inda aka ce.
Mai gadi ya ce, "Yaro, yau karatu ka zo yi ko aiki?"
Na ce, "Baba, riƙe mini tsani."

A sama iska tana ƙamshin ruwa.
Na yi bisimilla, na tura, ta ce ƙyas.
Ja.
Ja.
Na ƙirga gonakin riɗi har bakwai don kada in kalle ta.
Kore.

Daga taga Uwale ta ɗago hannu, ba ta ɗago kai ba,
tana ta dannawa.
Ban sauko nan da nan ba.
Na naɗe bakin wayar da baƙin salatif saboda damina,
na rubuta ashirin da huɗu da gawayi a jikin tanki,
manya-manya,
don wanda zai hau bayana.