Haƙori Ɗaya

Asabar ce a Duluth, ƙanƙara ta kai gwiwa,
tafki ya daskare, jiragen ruwa sun yi gum.
Ni kuwa ina gareji, hannuna a cikin akori-kura
wadda ta girme ni da shekara tara.

Malamar 'yan aji uku ce ni.
Alli na sani, da jan biro, da share hancin yaro.
Amma ga kamshaf sabo fil a kan tsumma,
doguwar sanda mai ƙusumbi goma sha shida,
kowanne da inda ya sa gaba
kamar 'yan gida ɗaya bayan rabon gado.

Orrin Halvorsen na zaune kan kifaffen bokiti.
Shekara arba'in yana gyaran mota
kafin yanar ido ta raba shi da sifana.
Kunne ya rage masa, shi kuwa bai tsufa ba.
"Maren," in ji shi, "faɗa mini abin da kike gani."

Lagireto na jingine da bango.
Notuna na kwance a kwalin ƙwai,
kowane gurbi na sa masa lamba
yadda nake yi wa kujerun yara.
Tsohon kamshaf, ƙusumbinsa biyu sun suɗe
kamar dunduniyar takalmin masinja.

"Shafe sabon da mai. Kada ki yi rowa."
Na shafa, jan mai ne, mai danƙon zuma,
yatsuna suka ƙage don sanyi.
"Yanzu tura shi, kina juyawa.
In ya tsaya, ke ma ki tsaya.
Ƙarfe ba ya kuka in kin karce shi,
sai bayan wata uku, a tsakiyar hanya."

Na riƙe numfashi.
Boris na farko ya wuce. Na biyu.
A na huɗu ya cije, gumi ya keto mini
a ɗakin da ruwan kofi ke zama dutse.
Na ɗaga shi kaɗan, kamar mai gyara wa jariri wuya,
sai ya zame ciki, sulul.

Saura sarƙa, da ɗigo biyu
da dole su dubi juna ido da ido.
Na ɗaure. Na ce na gama.
"Juya injin da hannu, zagaye biyu. Sake dubawa."

Na haska tocila.
Ɗigon sama ya kauce. Haƙori ɗaya tak.

Dare ya yi, bayana kamar an sare shi,
tsohon kuma ba ya gani.
"Daidai" ta zo har bakin leɓena,
ta ɗan zauna a nan.

"Ya goce," na ce.

Ya yi dariya har bokiti ya girgiza.
"Ni da na rufe nawa a haka, ina saurayi,
tari motar ta yi ta yi mini har Fargo."

Na kwance. Na ɗaura. Ɗigo ya dubi ɗigo.

Lahadi da la'asar muka wangale ƙofa don hayaƙi.
Solveig, matarsa, ta tsaya da butar shayi a ƙirji.
Na murɗa makulli: gurnani, shiru,
gurnani, sai ƙara ta cika unguwa.
Minti ashirin ƙafata na kan totur,
ba sassautawa, haka ya yi umarni.

Orrin ya laluba, ya kafa dogon sukundireba kan murfi,
ya manna kunnensa a ƙotar.
Bai ce na iya ba.
Ƙafarsa dai na ga tana bin kiɗan.

Da na zo shara,
a gurbi na bakwai cikin kwalin ƙwai,
ga noti guda yana kallona.
Har yau yana aljihun rigar sanyina.