Gara Ta Riga Ni

A Asawase jikokin Bajamushe ake ce mana.
Shaidarmu ba ta cika tafin hannu ba:
tsohuwar fartanya mai baƙon tambari,
da jan gashin ƙanwata Delu.

Iya Gambo ta ce sunansa Rainol.
Koko ya noma a bayan Ejisu,
yana cin tuwo da cokali,
yana ƙirga ruwan sama a littafi.

Na je gidan tsofaffin takardu.
Gara ta riga ni.
Ta cinye sunan garinsu, ta bar shekara.

Gonar ta zama tashar mota.
Wani dattijo mai faci
ya nuna mini bishiyar lemo:
"Wannan dai tarar da ita muka yi."

Na tsinko guda. Tsami!
Na zuba irin a aljihu.