Minti Ɗaya da Daƙiƙa Hamsin da Biyu

Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi,
duwatsun Tirol ko juyi ba su yi ba.
Safa biyu, baƙin kofi a filas,
in gangara inda kujerun igiya ke reto
kamar shanyar da aka manta a waje.

Aikina ke nan tun Nuwamba:
in kakkaɓe dusar ƙanƙara daga kujera,
in tare ta da gwiwa, in ce, "Zauna,"
mutum ya yi sama, ban san sunansa ba.
Kujera tamanin da huɗu.
Na san mai kuka idan sanyi ya tsananta,
na san ta sha tara, mai karkata hagu.

Sai ga gasar duniya ta sauka a kanmu
da manyan motoci, da wayoyi zube kamar hanji.
Kuɗin ɗaki ya ninka uku.
Walburga ta ba da hayar gadonta,
ta koma kwana gefen injin wanki.
Aka rataya mini kati mai hotona a wuya,
wani yaro da aka kawo daga birni shekaranjiya
ya tsare ni a ƙofa yana juya shi,
ni da aka yanke wa cibiya a bayan cocin can.

Dare goma sha ɗaya ɗana Korbinian
yana bin gangare da tiyo, fitila a goshi,
yana ba dutse ruwa
don ya daskare, ya yi taurin kwalba.
Shi ma ya taɓa ɗaura lamba a ƙirji.
Gwiwa ce ta ƙi, yana ɗan sha tara.
Ba ma zancen.
Ya shigo gemu fari fat,
in ɗumama miya, in ajiye, in fita.

Ranar tsere, ƙararrawar shanu dubu
a hannun waɗanda ba su taɓa tatsa ba.
Daga rumfata ba a ganin komai
sai bayan babban allo da ƙarafansa.
Ihu ya tashi, ya kwanta, ya sake tashi,
aka ce wani ya ci:
minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyu.
Na ƙirga dararen da yatsu cikin safar hannu.
Ko ruwan shayi ba ya tafasa a haka.

Wanda na riƙe shi ne mai lamba sittin da uku.
Ya faɗi a kwana ta biyu,
masu hoto sun riga sun juya baya.
Ya sauko a kujera ta sha tara, shi kaɗai,
karyayyen katakon zamiya a cinya.
Ba ya jin yarena, ba na jin nasa.
Idonsa ne ya tsaya a kan filas,
na tsiyaya masa a murfi.
Hannu na rawa, rabi ya zube,
ya huda farar ƙasa da baƙin rami.
Ya faɗi wata kalma.
Na ce, "Haka ne."

Litinin motoci suka kwashe nasu ya nasu.
Walburga ta wanke zanen gado sau biyu.

Watan Mayu gangaren zai karɓi sunansa na gaskiya,
makiyayar Isidor.
Mu ɗauki buhu, ni da Korbinian,
mu tsince abin da hunturu ya haɗiye ya amayar:
safar hannu marar 'yar'uwa, ƙananan tutoci,
ƙusa, guntun waya,
kafin shanu su hau.
Bara mun rasa saniya saboda ƙusa ɗaya.

Amma ƙanƙarar da ya ba ruwa
ita ce ke narkewa ƙarshe.
Farin layi guda, tun daga ƙoli,
yana ratsa kore har farkon Yuni.
Kowace taga a ƙauyen tana ganinsa.
Shi ba ya ɗaga kai.

Ni ce nake barin labule a buɗe.