Hancin Kakana

A Pancalieri, watan Agusta,
an yanki na'ana'a tun raɓa ba ta bushe ba,
an bar ta a kunya ta kwana ta yi laushi.
Tukunyar tagulla na huci a rumfa,
tururi na ratsa ganye yana ƙwace masa sirri,
mai na taruwa ɗigo-ɗigo a saman ruwa
kamar mai jin nauyin a gan shi.

Kakana Ottavio ya jera kwalabe huɗu
a kan teburin da ya girmi uwata.
Ba takarda a jikinsu, ba suna.
Ya ce, "Ilde, rufe ido. Hanci ba ya son ɗan rakiya."

Ta farko na sunsuna, ta mare ni.
Sanyi ya haura har tsakar ka, ƙwalla ta zubo.
"Ta Indiya ce, daga gonakin Barabanki.
Ba ta iya gaisuwa ba, amma akwai aiki.
Bar ta a sanyi, sai ta daskare kamar alif.
Ita ake damawa a man zafi,
ɗan dako ya murza a ƙugu, gobe ya miƙe.
Kada arharta ta sa ki raina ta."

Ta biyu daga Amurka, kwarin Yakima,
tsaf-tsaf kamar rigar da ta sha guga,
bana kamar bara, bara kamar bara waccan.
Masu cingam da man goge haƙori na sonta
don ba ta saɓa alkawari.
"Ba ta da laifi," in ji shi. "Laifinta ke nan."

Ta uku fara ce, mai koren kara,
muryarta ƙasa-ƙasa, sai ka matso.
Ta sabulu ce, ta matashin mai ciwon kai:
ɗigo ɗaya a cokalin man zaitun,
a shafa gefen goshi, nesa da ido,
nesa, nesa da hancin jariri.

Ta huɗu ban jira a gaya mini ba.
Baƙar na'ana'armu ce, mai kara ja-ja,
zaƙi ne ke fara sallama, sanyi na biye a hankali,
can ƙarshe ƙasar bakin kogin Po bayan ruwa.
Ita ce a alewar da kakata ke ɓoyewa a aljihu,
ita ce a koren ruwan da muke sha da ƙanƙara
ran da zafi ya hana kare haushi.

Sai tsiyar jika ta motsa.
Ya juya duba wuta, na sauya kwalabe.
Ya dawo ya ɗauki ta ƙarshen layi,
ya kai hanci, ya lumshe ido,
yana yabon ƙasarmu, ta Indiya a hannunsa.

Dariyar da na tanada ta maƙale.
Ashe tun zazzaɓin hunturun bara
hancin nan na shekara hamsin ya yi shiru.
Jeri yake ƙirgawa: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Ya ga fuskata. Bai ce komai ba.
Ya ɗiga a bayan hannu, ya hura, ya jira.
"Wannan ta cika saurin cizo.
Tamu takan bari a zauna tukuna.
Ja'ira, kin yi mini musaya."

Ya goge hannu a wando,
ya zaro littafinsa mai tabon mai,
wanda ko rufe yake yana ƙamshi.
"Hanci ya tafi, fata na nan, ba a rasa nono a ruga ba.
Gobe mai saye zai zo daga Torino.
Ni zan yi surutu. Ke ki tsaya kusa.
In na ɗauki wadda ba ita ba, ki yi tari."

A waje tukunya na ta ɗiga.
Na je na sauya mata kwalba.